Yadda Na Yi Heluma a Kan Surukina

Samarin da ke zama a ƙofar gidana bayan la'asar suna da wata magana da ke ba ni dariya. In aka yi wa ɗayansu ƙarin girma a wurin aiki, sai sauran su ce ai wane ya huta, yanzu nasa nuni da yatsa ne kawai. Nakan ci gorona kawai, don na yi shekara ashirin da ɗoriya ina wannan nuni da yatsan, na kuma san nauyinsa. Heluma na yi, wato shugaban leburori, tun zamanin da ake haƙa hanyoyin ruwan Bakolori. Aikin da ya fi koya mini hankali shi ne na farko, wata ƙaramar hanyar ruwa da muka haƙa a wajen Garbadu.

Da diga na fara, kamar kowa. Kayan aikinmu ba su da yawa: diga, shebur, kwanon ɗaukar ƙasa, sai baro guda biyu da kullum ake faɗa a kansu. Manyan hanyoyin ruwa injuna suka yanka su, amma ƙananan da ke shiga gonaki sai da hannu. Safiyo, wato masu awon ƙasa, za su zo su kafa turaku a jere, kowane turke da zanen jan fenti a jikinsa. A ɗaura igiya daidai kan jan, daga wannan turke zuwa wancan, sannan a ba heluma sandar awo. Ka tsayar da sandar a gindin ramin, in kanta ya yi daidai da igiya, to zurfi ya yi. Igiyar tana gangarawa kaɗan-kaɗan yadda ido ba ya kamawa, ramin ya bi igiya, ruwa ya bi rami. In ka riƙe wannan, ka riƙe rabin labarin.

Wata safiya helumanmu ya sami aikin tuƙi ya tafi. Obasiyanmu, wato mai kula da aikin duka, Malam Sambo, wani dogon Bazazzagi da ba ya rabuwa da duba agogo, ya tambaya wa ya iya karanta sunaye. Na yi aji huɗu a firamare, sai na ɗaga hannu. Ko minti biyar ba a yi ba aka rataya mini usur a wuya, aka ba ni sandar awo da takardar sunayen mutum talatin. Shekarata ashirin da biyar a lokacin, kuma rabin mutanen nan sun haife ni. Da na koma gida ranar, tafiyata ma sai da ta canza. Maiɗakina A'i ta dube ni ta ce, "Ƙahwarka ka ciwo?"

Sai aka tura mu sababbin heluma kwas na kwana uku a Mafara. Wani malami mai farar riga ya tsaya gaban allo ya ce shugabanni kashi-kashi ne: akwai mai tsawa, akwai mai shawara, akwai mai sakin linzami ya bar kowa ya yi yadda ya ga dama. Ya ce shugaba nagari shi ne wanda yake jin ta bakin kowa. Na rubuta duk, har da zanen da ya yi na ɗan mutum a sama da 'yan mutane a ƙasa. Malamin bai yi ƙarya ba ko guda. Abin da dai bai zo kansa ba shi ne yadda ake yi in aka sa maka surukinka cikin 'yan mutanen ƙasan.

Shekarar ce ruwan dam ɗin Bakolori ya taru ya haɗiye fadamun wajen Maradun. Mahaifin A'i mutumin Dosara ne, kuma gonarsa da lambunsa suna cikin waɗanda ruwa ya ci. Ba za ku ji sunansa a bakina ba, don a wurinmu ba a faɗin sunan suruki, Baba nake ce masa. Ya kwaso iyalinsa suka sauka a wani gida kusa da namu a Mafara, baki tara, ba rumbu, ba gona. Mutumin da ya ba hamsin baya, wanda bai taɓa yi wa kowa aiki ba sai ƙasarsa, ya je da ƙafarsa ya rubuta sunansa a lebura. Malam Sambo bai san tsakaninmu ba. Ya duba inda ake da gurbi, ya jefa shi cikin mutanena.

Ku da kuke shan shayi da surukanku a tabarma ɗaya ba za ku gane ba. A lokacinmu in ka hango surukinka daga nesa, takalmi za ka cire ka durƙusa. Ba ka haɗa ido da shi, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka ɗaga murya inda yake. Shi ma ba ya jan magana da kai bayan gaisuwa, balle ya gyara maka kuskure a gaban mutane. To ga ni da usur a wuya, kullum da safe sai na tuɓe takalmi na durƙusa a bakin rami.

"Baba, an kwana lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

Muna yi har mu kai ga iyali da sanyi da zaman baƙunci, shi yana kallon gabas, ni ina kallon ƙasa, mutum talatin sun jingina da sheburansu suna jira. Sannan in miƙe in karkaɗe gwiwa in busa usur kamar wani mai iko.

Kiran suna ya fi komai wuya. Sunan Baba shi ne na goma sha bakwai. Ranar farko da na iso wurin na tsaya cak, sai na yi tari. Akwai wani Bawa a cikinmu, ɗan gidan mahauta ne a Mafara, ya bar fawa ya zo lebura, mutum ne da bakinsa ba ya da ƙofa. Shi ya fara ganewa. Ya ɗaga murya ya ce, "Shina nan!" Daga ranar ya zama doka: in na kai sha bakwai in yi tari, su duka su amsa da baki ɗaya, "Shina nan!" Baba kuwa ko gezau, yana gyara gammonsa.

Na fara da mai tsawa, don shi ya fi sauƙin kwaikwayo. Mako guda ina busa usur ina daka wa mutane tsawa, har muryata ta dushe. Amma tsawar tawa mai gefe guda ce. In na nufo inda Baba yake sai ta mutu, in wuce sumui-sumui kamar marar gaskiya, in na gota shi in ɗora daga inda na tsaya. Leburori ba su da wauta. Kafin Laraba duk wanda yake son hutawa sai ya matsa kusa da tsohon, har wurin ya zama kamar inuwar kuka. Baba kuma, gaskiya ɗaya ce, shi ne mafi nawa a cikinmu. In saurayi ya kai kwano uku, shi yana kan na biyu. Bai taɓa zama ba, bai taɓa fashi ba, ƙarfin ne dai ya tafi.

Ana cikin haka na tafka ɓarnar da ta jawo komai. Ranar wata Litinin da yamma, bayan mun tashi, aka koro shanu zuwa kasuwar Talata, suka ratsa ta wurin aikinmu suka tumɓuke turaku shida. Na riga kowa isowa da safe na tarar da su a zube. Abin da ya kamata in yi shi ne in gaya wa Malam Sambo a kira safiyo. Amma sabon heluma ba ya son a ce ga matsala a wurinsa tun bai yi wata ba. Na ɗauki dutse na mayar da kowane turke raminsa, na buga iyakar ƙarfina. Ƙasar rani ce, ta ƙi karɓa, kowanne ya tsaya sama da yadda yake da. Na ɗaura igiya a kan jan fenti, na ja baya na duba, na ga ta miƙe sambal. Har daɗi na ji, na ce lallai an yi sa'ar heluma.

Da tsawa ta ƙi ci, sai na buɗe takardata na koma mai shawara. Na tara mutane a gindin wata tsamiya da hantsi, na ce yau kowa ya faɗi ra'ayinsa a kan aiki. Na ɗaya ya miƙe ya fara da gaisuwa, sai da ya gaishe da kowa da sunansa. Na biyu ya ce shi dai abin da na ɗaya ya faɗa. Wani Jabbi, ƙaton saurayi da ke yin rabin yininsa a bayan gari da buta, ya kawo ƙarar mai kunu, ya ce ludayinta ya ƙanƙance. A nan taron ya kama wuta. Har aka kira azahar ba mu ɗauki kwano ɗaya ba, kuma abin da muka zartar kawai shi ne a yi wa mai kunu magana. Baba yana can gefe a zaune, ya juya mana rabin baya. Na ji ta bakin kowa yadda malami ya ce, ban da mutum ɗayan da ke da abin faɗi.

Ashe tun safiyar Talatar ya gani. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jan ruwa da jigo yana raba shi kwami-kwami a lambu, tafin ƙafarsa ma ya san hawa da gangara. Amma ba zai faɗa mini a fuska ba, kuma ba zai faɗa wa wani lebura ba, don kada ya kunyata mijin 'yarsa a bainar jama'a. Sai ya bi hanyar da ta dace, ta cikin gida. Daga baya na binciko yadda saƙon ya yi tafiya. Baba ya ce wa Inna, surukata, "Gaya ma yaron ga igiyatai ta hau, ramin sama shika tahiya." Inna ta ga maganar ta yi kaushi, ta ce wa A'i, "Babanku ya ce maigidanki shi riƙa duba aikinai da kyau." A'i ta ga na dawo a gajiye, murya a dushe, ta ajiye mini tuwo ta ce, "Baba na gaishe ka, ya ce Allah shi taimaka."

Na ce, "Ina amsawa." Na ji daɗi ƙwarai, har na aika masa da goro.

Bayan kwana huɗu ya sake aikowa, da zafi fiye da na farko. Saƙon ya sake isowa a matsayin gaisuwa. Na sake aika goro, wannan karon fari.

Kwana goma muka yi muna haƙa ramin nan, ina bi da sandar awo ina yabon kaina. Ranar gwaji Malam Sambo ya zo da agogonsa, manoman da ke jiran ruwa suka tsaya a kan gaɓa, aka buɗe ƙofar ruwa. Ruwa ya taho da gudu, muna biye da shi muna murna. Da ya iso turken farko na cikin shidan nan sai ya rage sauri, ya yi ɗan waige-waige, ya tsaya. Ya taru, ya kumbura, ya fasa gefe ya malala cikin fili. Gaba kuwa rami a bushe ƙayau. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Malam Sambo bai yi tsawa ba, kuma wannan ya fi tsawa ciwo. Ya ja ni gefe, na gaya masa gaskiyar shanu da turaku. Ya ce safiyo sun tafi ɓangaren Bakura, ba za a same su ba sai bayan mako biyu. Ya ce, "Ina ba ka zuwa Alhamis ruwan nan ya wuce. Kuma da ma an ce a rage leburori, kowane heluma ya kawo suna biyar. Ka fara da waɗanda ba sa ja." Bai san a kan wa maganar ta faɗa ba, amma ni na sani. Na tuna baki taran nan na gidan Baba.

Bawa ne ya warware mu. Ya lura tsohon yana tsaye a cikin ramin yana taka ƙasa da diddige yana girgiza kai. Ya je ya tsaya a kansa.

"Baba, kai kamar ka san abin ga?"

"Tun Talata waccan."

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

"Na aika. Sau biyu."

"Mi anka ce?"

"Goro anka kawo."

Bawa ya faɗi zaune a kan tarin ƙasa yana dariya har da hawaye. Da ya farfaɗo sai ya zo ya kama hannuna ya kai ni gaban Baba, ya tsaya a tsakaninmu kamar dillali a kasuwar shanu. Ya ce, "Ni ba surukin kowa ba na. Baba, hwaɗa mani. Heluma, kai ko buɗe kunnenka." Tsakanina da Baba bai fi kamu biyu ba. Baba ya dubi Bawa ya ce, "Gaya ma heluma a kwance igiyag ga, ba ta da amfani yanzu. A saki ruwa kaɗan, shi za shi nuna muna." Bawa ya juyo ya maimaita mini kalma-kalma, kamar daga Sakkwato aka aiko shi. Na dubi Bawa na ce, "Gaya ma Baba an gode, yadda yac ce haka za a yi."

Haka muka yi aikin kwana uku. Aka ɗan ɗaga ƙofa, ruwa ya shigo siriri. Baba ya tuɓe takalmi ya shiga gaba da karan dawa a hannu, yana bin bakin ruwan. Inda ruwa ya tsaya, ya nuna da kara, ya gaya wa Bawa yatsa nawa za a sare, Bawa ya gaya mini, ni in sa masu diga. In an sare sai a jira a ga ruwan ya motsa da kansa. Ban busa usur ba ko sau ɗaya, ba wanda ya nemi inuwa, har baro biyun nan aka daina faɗa a kansu. Ranar Laraba kafin la'asar ruwa ya fita ƙarshen ramin ya shiga gonar farko, mai gonar ya ɗebo da hannu ya wanke fuska. Malam Sambo ya duba agogo ya ce, "Madalla. Saura sunaye, gobe da safe."

Ban iya cin tuwo ba ranar. In na sa Baba, na kashe gida guda, kuma gidan da aka ba ni 'ya. In na bar shi, za a ce heluma ya yi son kai, kuma daga ranar maganata ba za ta sake tsallake bakin rami ba. Da gari ya waye na tara su na gaya musu yadda ake ciki, ban ɓoye komai ba. Na ce damina ta kusa, in akwai wanda da ma yake shirin komawa gona, ya taimake ni ya faɗa. Ban taɓa tunanin tambaya ba sai da wuya ta yi wuya. Wani Mande ya ce, "Ni gonata na nan Garbadu, ruwa bai ci ta ba. Sa nawa." Mutum uku suka bi shi. Daga nan kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Saura ɗaya, kuma wannan nawa ne in zaɓa. Na ce, "Jabbi, kai ne na biyar." Ya yi shekara bakwai bayan nan bai amsa sallamata ba, ban kuma ga laifinsa ba, amma ko yau aka maimaita shi zan sa. Jabbi ya jefar da shebur ya ce da ƙarfi, "In ba don surukuta ba, wa ya kai tsoho nawa cikinmu? Kwano biyu shika kaiwa in mun kai ukku!"

Rabin maganarsa gaskiya ce. Sai na ga Baba ya sauke kwanonsa a hankali ya kife shi a ƙasa, ya ɗora gammo a kai. Ya ce, "Bawa, gaya ma heluma shi sa sunana. In yab bar ni, yaran ga ba su ƙara jin maganatai. Ni na ci zamanina, shi yanzu yaf fara."

Na ce, "Bawa, gaya ma Baba ba a yin haka."

"Gaya mai ni nac ce."

"Gaya mai ruwan da yaw wuce jiya, ba kwano yak kai shi ba."

"Gaya mai Allah na nan, ba mu kwana da yunwa."

Bawa yana juya kai dama da hagu har ya gaji, ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ku ji tsoron Allah, wuyana za shi karye!" Ba wanda ya yi dariya. Baba ya sunkuya ya ɗauki takalmansa, ya juya zai kama hanyar gari. Na san in ya yi taku goma shi ke nan, ba zai dawo ba, ko da sarki aka aika.

Ban san lokacin da na ture Bawa gefe ba. Da takalmina a ƙafa, a tsaye, na ɗaga kai na dubi surukina ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka ɗaura mini aure. Na ce:

"Baba, wurin ga ni ad da magana. Ban sallame ka ba. Ɗauki kwanonka ka koma bakin aiki."

Mande ya rufe baki da hannu. Baba ya tsaya yana kallona, ni kuma na ƙi sauke ido, ko da yake zuciyata tana cewa yau A'i za ta kwana a gidansu. Can sai ya ajiye takalman, ya ɗauki gammo ya karkaɗe, ya ɗora a ka, ya ɗauki kwanonsa. Da ya zo wucewa ta gaban Bawa sai ya ɗan tsaya, ya ce da shi yadda kowa zai ji:

"Bawa, yau mun yi heluma."